Muryar Ikrama a Kangon Aboabo

Shekara da shekaru muryar Ikrama a dishe take, tun da ya gama albam ɗinsa na farko, waƙoƙin rok masu ba da labari guda: tafiyar kakansa daga Nijar zuwa Kumasi. Ya sha jiƙo, ya sha rubutu, shiru. Yanzu wani kamfani ya sake buga albam ɗin a faifan garmaho, da sharaɗin ya rera da bakinsa ranar ƙaddamarwa. Ranar kuwa gobe ce.

Da ya rasa mafita, sai ya rungumi faifan da magariba ya koma kangon unguwar Aboabo a Kumasi, inda shi da abokansa suka ɗauki waƙoƙin. A nan, a wancan lokacin, ya riƙa kaɗa jita yana waƙa ana kiran sallar magariba, mahaifiyarsa na hana shi, yana dariya.

Unguwar ta yi tsit, ko ƙarar babur babu. A bakin kangon wata tsohuwa na zaune ta ba shi baya, tana ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Ya yi sallama. Ya durƙusa.

"Mma, don Allah, ko kin san mai maganin murya? Wallahi na gaji."

Sai ta fara rera waƙarsa ta farko, ba ta ja numfashi ko sau ɗaya ba. Muryarsa ce ta samartaka garau, har da 'yar rawar nan da yake yi a ƙarshen baiti.

Da wannan muryar ta ce, "Ɗana, da magariba ka ba ni ita. Me ka kawo mu yi musaya?"