Ranar da Hamdiyya Ta Kira Sunan Surukinta

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya san abin da baki ya faɗa da abin da zuciya ta haɗiye.

Hamdiyya tana durƙushe a bakin murhu tana dama koko, mijinta Uzairu ya fito daga ɗaki yana gyara zaman hularsa. Ya rusuna har ƙasa kamar bafade.

"Ranki ya daɗe, Honorabul! Yau fa mu talakawa sai kallo."

"Kai dai ba ka rabo da tsokana," ta ce, tana murmushin da bai kai ciki ba. "Wallahi tun asuba gabana ke faɗuwa. Ni ban taɓa riƙe sifika ba."

"Sifika ai ba ta cizo. Ki faɗi abin da matan suka aiko ki kawai: hanya ta toshe, a buɗe. Shi ke nan, ki zauna."

Sai ya dubi sashen iyayensa, ya rage murya. "Kada ki wuce nan, Hamdiyya."

Ta gyaɗa kai. Dukansu sun san abin da yake nufi.

Hamdiyya 'yar Fulanin rugar bayan dutse ce, Uzairu kuwa ɗan manoman Unguwar Kanya, can gefen Burumburum. Auren so suka yi, tun tana kawo tallan nono yana saye ba don yana jin yunwa ba. Shi da kansa ya kai ta ajin manya da ake yi da yamma a firamaren garin. Ƙaramar hukumarsu ce ta ƙulla ƙawance da wani gari na Turai, aka buɗe ajin. Malama Zahra'u da ke koyar da su ba ta tsaya ga baƙi da wasali ba. Tana koya musu cewa kansila ɗan aikensu ne, rijiya da hanya da asibiti haƙƙinsu ne, kuma mace ma tana da baki a taron gari.

Maganar hanya kuwa, ciwo ce da ba a taɓawa a gidan. Hanyar mota ɗaya ce ke shiga Unguwar Kanya, ta gefen gonar Malam Shitu, mahaifin Uzairu. Kowace damina garma takan ɗan ƙara ci, har hanyar ta koma 'yar siririya, babur ma sai da dabara. Bara da naƙuda ta kama Hamdiyya ana tsakiyar ruwa, motar da aka kira ta tsaya can bakin titi ta kasa shigowa. A amalanke aka ɗora ta, Uzairu ya tura ta zagaye ta fadama, taɓo har gwiwa. Kafin su isa asibitin Tudun Wada ɗan ya koma. Aka ce ƙaddara, ita ma ta ce ƙaddara, ta yi ta istigfari. Ba wanda ya ambaci gona.

Da hantsi filin makaranta ya cika don taron gari da kansila. Maza a kan benci, mata a tabarmi ta gefe, baƙi biyu daga garin Turan nan a ƙarƙashin rumfa ana yi musu tafinta. Malam Shitu yana sahun dattawa da carbinsa. Da aka zo kan mata, Malama Zahra'u ta miƙa wa Hamdiyya sifika. Ta karɓa ta yi sallama, ta ce matan Unguwar Kanya suna roƙon a buɗe musu hanya, don mota ba ta iya shigowa ɗaukar mai naƙuda.

Kansila ya gyara babbar rigarsa. Shi kam ya gaji da wannan aji da ya koya wa mata tambaya, kuma ya san sarai matar wa ce a gabansa.

"To, baiwar Allah, mun ji. Me ya toshe hanyar?"

"Gona ce ta shigo ciki."

"Gonar wa?"

Ta sunkuyar da kai. "Ta... ta wani bawan Allah ce."

"A'a! Ba ku aka koya wa cewa ƙorafi sai da suna ba? Mu ba ma aiki da 'wani bawan Allah.' In babu suna, babu magana. Sai mu wuce gaba."

Dariya ta tashi ƙasa-ƙasa daga bencin maza. Kowa ya gane tarkon. Wace mace ce za ta buɗe baki ta kira sunan surukinta? Hamdiyya da ko mai irin sunan ta haɗu da shi sai ta ce "mai sunan Baba"? Ballantana 'yar Fulani, wadda aka shayar da kunya tun a nono!

Ta juya za ta miƙa sifikar. Sai idonta ya faɗa kan Hasana maƙwabciyarta, zaune da tsohon ciki, ƙafafu a kumbure, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas kullum. Ta tuna amalanken bara. Ba ta san lokacin da ta mayar da sifikar bakinta ba.

"Gonar Malam Shitu ce."

Filin ya yi tsit. Wata tsohuwa ta ce, "Innalillahi!" Baƙin nan biyu da aka fassara musu sai suka hau tafi, su kaɗai, suna murna mace ta yi magana. Da suka ga ba wanda ya taya su suka sauke hannu. Malam Shitu ya miƙe a hankali, ya sa takalmansa, ya fice bai kalli kowa ba.

Kafin ta isa gida labari ya riga ta. Inna Rabi, mahaifiyar Uzairu, tana tsakar gida ta cire ɗankwali.

"Sannu da zuwa, 'yar boko! Sannu, marar ta ido! Ni da na haifa wa mai gidan nan 'ya'ya, na tsufa a ɗakinsa, ban taɓa kama sunansa ba. Sai ke? A sifika? Gaban arna da Musulmi?"

Hamdiyya ta zube ƙasa. "Inna, ki yi haƙuri, wallahi ba da nufin..."

"Rufe min baki! Uzairu! Fito ka ba ta takardarta yanzun nan."

Uzairu ya durƙusa gaban uwarsa, idanunsa jajir. "Inna, ki sa ni komai zan yi. Ki ce ta tafi gida, za ta tafi. Amma don girman Allah kada ki sa ni saki. Hannuna ba zai iya ba."

"Au, ta shanye ka ke nan! To ta bar min gida. Kai kuma in ƙafarka ta taka rugarsu, ban yafe maka nonon da ka sha ba!"

Malam Shitu yana cikin turakarsa, yana jin komai, ko tari bai yi ba. Wannan shirun ya fi zagin Inna yi wa Hamdiyya ciwo. Ta ɗaure 'yan kayanta a zane ta fita, Uzairu yana tsaye a zaure ya juya fuska ga bango, kafaɗunsa na girgiza.

A ruga ma ba ta samu sanyi ba. Baffanta ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya ce, "Ko saniyar mutum ce ta shiga gonarki, akwai yadda ake faɗa. Kin zubar mana da mutunci, Hamdiyya." Daga ranar bai sake cin abincin da ta dafa ba. In ta je rafi 'yan mata su yi ta zunɗe, wata ta ce, "Ku matsa wa kansilar mata!" A can gari kuwa magidanta da dama suka cire matansu daga ajin, suka ce ga irin abin da ake koyowa nan. Kwamitin unguwa ya je ya kafa turaku a bakin gonar, tunda suna ya fito dole a yi aiki, sai hakan ya ƙara wa Inna Rabi wuta.

Damina ta sauka, Hamdiyya ta rame ta yi baƙi. Ba ta da abin yi sai sallah da kuka. Uzairu bai taka rugar ba, don bai yarda ya saɓa wa uwarsa ba, amma duk ranar da ya kai kayan lambu Kwanar Dangora yakan kira ta a waya.

"Kin ci abinci?"

"Na ci. Kai fa? Muryarka ta canja."

"Ina lafiya... Ƙarya nake, Hamdiyya, ba na lafiya. Kullum Inna sai ta ajiye min biro a gaba. Jiya har da kawo min hoton 'yar ƙanwarta." Ya ja numfashi. "Ni na tura amalanken nan. Ni na san tsawon fadamar nan da ƙafata. Ni ya kamata in sami Baba a ɗaki in gaya masa tun bara, na kasa. Na bar ki kika ɗauka a gaban duniya. Sori, don Allah."

Hawaye suka zubo mata. "Kada ka ɗaga wa Inna murya saboda ni. In ta matsa har ka ga za ta yi maka baki... ka rubuta. Zan yafe maka."

"Kada ki sake faɗar haka!" Ya kashe wayar, don kada ta ji kukansa.

Ana nan sai ga Malama Zahra'u a ruga, tare da ɗaya daga cikin baƙin, wata Baturiya mai furfura da kyamara a wuya. Matar ta kama hannun Hamdiyya tana ta magana, Malama tana fassarawa.

"Ta ce ke jaruma ce. Suna so su yi bidiyonki, ki ba da labari tun daga amalanke har ranar mitin, a ɗauki gonar da turakun. Za a nuna a ƙasarsu da sauran ƙasashe. Har ma ana maganar gayyatarki taro a Abuja."

Hamdiyya ta daɗe tana kallon ƙasa. Ga waɗanda suka ce ta yi daidai, bayan kowa ya ce ta yi laifi. Zuciyarta ta so, ba ƙarya. Sai ta tuna yadda tsohon nan ya sa takalmansa ya fice shi kaɗai.

"Malama, ki ce mata na gode, Allah Ya saka da alheri a kan ajin da suka buɗe mana. Amma ba zan yi ba. Hanya na nema, ba tozarta Baba ba. Sau ɗaya na kira sunansa don ba ni da mafita, shi ma ina neman gafarar Allah. Yanzu kuma a sa shi a waya duniya ta yi ta maimaitawa? In aka ɗauki ko karan masara ɗaya na gonarsa, ni da aji har abada."

Aka fassara wa Baturiyar. Can ta ce ashe tafin da suka yi ran nan ba su san me suke tafa wa ba. Ta mayar da kyamarar jaka. Malama Zahra'u kuwa daga nan ba ta zarce gida ba, sai da ta tsaya a zauren Malam Shitu ta kwashe duk yadda aka yi ta gaya masa. Bai ce mata komai ba sai "Allah Ya yi albarka."

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Hamdiyya tana tatsar nono ta ji sallamar da ta sa ƙwaryar ta kusa suɓuce mata. Malam Shitu ne da kansa, da sandarsa, ƙafafunsa duk taɓo. Baffa ya shimfiɗa masa buzu, suka gaisa doguwar gaisuwa, sannan aka kira ta. Ta zo ta durƙusa daga nesa, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ba su gefe.

"Baba, na tuba. Ka yafe min abin da bakina ya yi." Ta ƙara sunkuyar da kai. "Amma hanyar, Baba... ba zan iya cewa na yi ƙarya ba."

Baffa ya zabura zai yi mata tsawa, Malam Shitu ya ɗaga masa hannu.

"Bar ta, Malam. 'Yar nan, kin ji min ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Har yau in na shiga masallaci ji nake kamar ana kallona. Amma wanda ya yi miki tambayar nan ya san abin da yake yi, da ni da ke duka ya so ya kunyata. Kuma an ba ki wuƙa ki ƙarasa ni, kin mayar da ita kube. Wanda ke neman mutuncina bai yin haka." Ya share ido da bakin rawaninsa. "Hanya ta jama'a ce, na sa an sare masarar. Ɗana kuma yana can yana ƙarewa a tsaye. Ni na zo biko, ba aike na yi ba. Ki tashi ki koma ɗakinki."

Ta kifa kai a ƙasa tana kuka, kukan da ta daɗe tana tarawa.

Da ta koma, "Alhamdulillahi" kawai Uzairu yake ta maimaitawa kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Amma ba a ce komai ya koma daidai ba. Matan da aka cire daga aji, da yawansu ba su dawo ba. Inna Rabi kuwa ta ɗauke mata wuta. Kullum da safe Hamdiyya za ta durƙusa a ƙofar ɗakinta ta ce, "Inna, ina kwana?" sai dai labule ya amsa mata. Ta ci gaba da gaisuwar, ta ci gaba da yi mata wanki da daka, aji ma ta daina zuwa don kada ta ƙara fami. Aka yi girbi, aka shiga rani, ba ta fasa ba.

Wata yamma tana tuƙa tuwo, sai ta ji inuwa a kanta. Inna ce, fuska a murtuke, ta miƙo hannu ta karɓe muciyar.

"Ba yau ne ajin naku ba?" ta ce, ba ta ko kalle ta ba. "Tashi ki tafi, kada ki ƙona min tuwo da tunani."

'Ya'yana, gaskiya wajibi ce a faɗe ta in rai na cikin haɗari, ko da a kan na gida ne. Amma wanda ya faɗe ta don Allah ba ya mayar da ita abin ado, kuma yakan zauna ya jure zafinta har Ubangiji Ya sanyaya zukata. Ku kuma manya, ku gyara tun magana tana cikin ɗaki, kada ku bar yaro ya zaɓa tsakanin kunyarku da ran mutane. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.