Sabulun 'Yan Aji Shida

A wata makaranta da ke unguwar Akwatialine, 'yan aji shida suna dafa sabulun salo da tokar ɓawon koko. Sabulun yana da kyau, amma ya taru a kwali babu mai saye. Hedimasta ya ce idan matan kasuwa ba su karɓa ba kafin hutu, to za a kife tukunyar.

Akwai wata yarinya a ajin, ita ce mai juya tukunyar. Ba ta so a kife ta ko kaɗan. Ticha Issifu ya aro majigi, ya ba ta ƙananan gilasai goma. Ya ce ta zana abin da za a haska wa matan a bango.

To, yarinyar nan akwai son nuna boko. Ta cika gilasan da rubutun Turanci, ƙanana kamar tururuwa.

Ranar Laraba matan suka zo. Aka rufe tagogi, aka kunna majigi. Yarinyar ta ba su baya, ta yi ta karatu. Ga duhu, ga zafi. Kafin gilashi na huɗu, Mma Azumi, magajiyar masu sayar da sabulu, ta fara gyangyaɗi. Da ta farka sai ta gyara mayafi.

Ta ce, "Medaase, na gode, 'yata. Mun bar kaya a rana."

Duk suka bi ta. Kunya ta kama yarinyar, ta tafi gida tana kuka.

Mamarta ta tambaye ta, "Me kika nuna musu?"

"Rubutu, Mma."

"A cikinsu wa ya yi boko?"

Kafin ta amsa, mamar ta sake jefo wata tambayar.

"Sabulun fa, sun taɓa shi?"

"Yana cikin kwali."

Mamar ta yi dariya. Ta ce ai gani ya kori ji, kuma 'yar kasuwa ba ta sayen sabulu sai ta shinshina.

Yarinyar ta share hawaye. Washegari ta je rumfar Mma Azumi, ta durƙusa, ta roƙe ta su dawo sau ɗaya tak. Mma Azumi ta yarda, amma ta ce ba za ta zauna fiye da tafasar ruwan shayi ba.

Yarinyar ta wanke gilasan tas. Ta zana hoto uku kawai: ɓawon koko, tukunya, da farar riga a kan igiya.

Ranar Asabar ta fuskanci matan, ta gaishe su da Hausa. Ta haska hoton farko, ta tambaye su ko mene ne. Kowacce ta ba da amsa, har da gardama. Bayan na uku ta buɗe tagogi, ta kawo kwanon ruwa da tsumma mai tabon manja.

Ta ce, "Mma, ki wanke da hannunki."

Mma Azumi ta shinshina sabulun, ta cuɗa. Kumfa ya tashi, tabon ya fita. Sai ta ɗora kwalin sabulun a kai. A bakin ƙofa ta juyo.

"Ku hura wuta. Ina son wani kwalin ran Juma'a."

Tukunya ta tsira. Yarinyar kuwa ta koyi cewa in za ka tallata abu, ka fara sanin masu saurarenka. Ka taƙaita magana, ka dubi idonsu, ka bari su gani da kansu.