Wa Ke Kashe Motar Baba?

Ƙafafunsa ta fara gani kafin fuskarsa. Yana kwance a ƙarƙashin motar Baba, takalma sun leƙo waje, yana neman wanda zai haska masa tocila.

Ita ce autar gidan, don haka ita aka tura. Ta durƙusa ta haska, hasken ya sauka a idonsa maimakon tanki.

"Malama, famfo zan ɗaura, ba fuskata za a gyara ba."

"Ai ita ma ba za ta ƙi gyaran ba," in ji Auta. Ya yi dariya har sifana ta suɓuce masa.

Motar ta girmi Auta nesa ba kusa ba. Baba tsohon direba ne, ya bar aiki yana alfaharin ko kaza bai taɓa takawa ba, kuma ba ya karyawa sai ya goge motarsa. Famfon man motar na asali, wanda inji ke juyawa, ya mutu, an karaɗe kasuwa ba a samu irinsa ba. Dole ce ta sa ya yarda wannan matashin makaniki ya sa mata na lantarki, yana tsaye a kansa kamar mai gadin kaya.

Makanikin ya ɗaure famfon kusa da tanki, ya sa abin tace mai a gabansa, ya ja waya zuwa ƙasan sitiyari.

"Baba, murɗa makulli, kada ka tayar. Ka ji wannan ɗan ƙugin? Famfon ne ke jan mai. Wannan jan fiyus ɗin kuwa, in aka zare shi, ko ɓarawo sai dai ya tura ta."

Mama na gefe tana shanya. Ba wanda ya kula ta tsaya da riga a hannu tana saurare.

Ya bar lambarsa, wai saboda mota. Washegari wayar Auta ta yi ƙara.

"Mai Tocila, ya mota ta kwana?"

"Lafiya lau, Sarkin Sifana. Ita kaɗai ka sani a gidan?"

"Ita ta shigo da ni. Dole in fara gaida manya."

Daga nan saƙo ya zama abincinsu.

Ba a rufa mako ba Baba ya murɗa makulli ya ji tsit. Aka kira makanikin, ya leƙa ƙasan sitiyari, ya tarar babu fiyus sam. Ya saci kallon Auta, ya ga tana murmushi, sai ya ce a ransa, lallai yarinyar nan ta iya kiran mutum. Ya sa sabo ya yi gum. Ita kuwa murmushin nata na cewa ne, ji ɗan wayo, ya sa lalatacce don a neme shi.

Na farko ya yi musu daɗi. Da abin ya yi ta maimaituwa, daɗin ya fara tsami.

Akwai ɗan aminin Baba, dillalin motoci, wanda ya daɗe yana zarya a kan Auta ba ta ko ɗaga kai. Shi ya zauna kusa da Baba ya rage murya.

"Baba, makaniki ba ya gama gyara, sai ya bar wa kansa ƙofar dawowa. Ka taɓa ganin ya karɓi ladan aikinsa? To ba aljihunka yake hari ba."

Maganar ta zauna wa Baba a rai.

Ranar nan makanikin ya kasa haƙuri ya rubuta:

"Mai Tocila, in kina son ganina ki kira ni kawai. Ki bar fiyus ɗin nan ya huta, sunana ke ɓaci."

"Au, ni za ka shafa wa? Ni da nake rufa maka asiri?"

"Wallahi ba ni ba ne."

"Ni ma wallahi."

Kowa ya rantse, kuma ba wanda ya yarda da ɗan'uwansa. An ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle wannan da duka biyun suka yi kuskure.

Wata safiya ya zo ba a kira shi ba, da niyyar ya sa wa fiyus ɗin murfi. Sai ya iske ƙofar direba a buɗe, Mama a sunkuye. Ta ɗago da ɗan jan abu a hannunta, suka tsaya kallon-kallo.

"Ɗana," ta ce, "idon Baban Auta ya tafi. Kwanaki ya kusa hawa kan mai keke, bai ma san an yi ba. Na ce mu je asibiti, ya ce idonsa garau. In na ce ya ajiye tuƙi, na kashe shi da ransa. Ka rufa min asiri."

Ya dubi murfin da ke hannunsa, ya mayar da shi aljihu. Tausayinsu ya kama shi su biyun.

Da yamma Baba ya aika aka kira shi falo. Auta na bayan labule tana saurare.

"Na ji kana son 'yata. Tambaya ɗaya zan yi maka. Ka san mai kashe min mota?"

"Na sani, Baba."

"Wane ne?"

Ya sunkuyar da kai.

"Shirunka ya ba ni amsa. Wanda zai shigo gidana ta ƙarƙashin mota da dabara, ba zan ba shi 'yata ba. Tashi ka ba ni wuri."

Bai kai bakin titi ba saƙonta ya riske shi.

"Ka ce ka sani. Faɗa min, ni kaɗai."

"Sirrin ba nawa ba ne, Mai Tocila. Ki yi min uzuri."

"To ka riƙe shi da kyau, shi za ka aura."

Ta kife wayar ta yi kuka mai isarta, don har yanzu tana sonsa, abin da ya fi ba ta haushi ke nan.

Dillali bai ɓata lokaci ba. Ya ce gobe zai kawo wanda zai haɗa wayar kai tsaye, a huta da fiyus. Baba ya ji daɗi, ya ce jibi da kansa zai ja motarsa zuwa garin ƙanwarsa, tafiyar yini guda.

Mama ta ji. Ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon gwangwani, ta kama hannun Baba ta juye masa abin da ke ciki. Auta na tsaye tana kallo.

Baba ya kai tafinsa kusa da fuska, ya matsar, ya sake kawowa, ya karkata wajen taga.

"Mene ne wannan? Maɓallai?"

"Fiyus ɗinka ne, Baban Auta, jajaye, a tafin hannunka, da rana tsaka. Ba ka gan su ba. Ta yaya za ka ga titi?"

Baba ya daɗe yana shafa su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, hawaye na bin gemunsa.

"Yaron ya san ke ce?"

"Ya sani. Ya gwammace ka kore shi."

Baba ya share fuska. "Auta, kira min shi. Ce masa mota ta ƙi tashi."

Ta ɗauki waya ta rubuta: "Sarkin Sifana, na zalunce ka. Ka zo da kayan gyara, ba mota kaɗai ta lalace ba."

"Ki riƙe tocila, ga ni nan."

Shi ya kai Baba asibiti. An ceto ido ɗaya, amma likita ya hana tuƙi, Baba bai yi musu ba. Dillali kuwa, da ya ga inda aka dosa, ya ɗauke ƙafa.

Ranar aure Baba ya ce ba motar da za ta ɗauki 'yarsa sai tasa. Ya danƙa wa ango makulli, ya jingina da ƙofa ya kasa kunne. Aka murɗa, ƙugin ya taso.

"Yana ja," in ji Baba. "Ka riƙe min su biyun amana, ɗana. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya, ya rufa maka asiri yadda ka rufa wa gidana."

Kowa ya ce amin. Mama ta leƙo ta taga, ta cusa wa amarya ɗan jan abu a tafin hannu, ta dunƙule mata yatsu.

"Ajiye shi da kyau, Auta. Namiji ne, wata rana shi ma zai ce idonsa garau."