Abin da Haladu Ya Karanta a Cikin Inji

Ku matso, 'ya'yana, ku sassauta murya. Mu fara da neman tsarin Allah daga sharrin abin da muke gani da wanda ba mu gani. Abin da zan faɗa muku daga bakin Haladu na ji shi, ɗan baffana, mai gyaran injin yankan itace. Ban taɓa kama shi da ƙarya ba.

Haladu yana da ƙane mai suna Mudi, mai yankan katako. Magabatanmu sun bar mana ladabi: wanda zai sare tsohuwar bishiya yakan je kwana uku a jere, ya yi sallama, ya sanar da mazauna cikinta domin su kwashe iyalinsu. Mudi ya ce wannan zancen tsofaffi ne. Wata Laraba ya ɗora inji a kan babbar tsamiyar da ke hanyar rafi. Ya dawo gida babu inji, ya ƙi faɗin abin da ya faru.

Bayan kwana bakwai, da tsakar rana, Haladu ya biyo hanyar a kan keke shi kaɗai, jakar kayan aikinsa a baya. Babu iska. Babu kukan tsuntsu. A gindin tsamiyar wani dogon mutum na zaune, ga tsohon inji a cinyarsa. An yanke kututturen har rabi, wani jan ruwa mai kauri yana tsatsa daga yankan.

Haladu ya yi sallama. Aka amsa da murya biyu a baki ɗaya, ta tsoho da ta jariri.

"Sauko, mai gyara."

Haladu ya dubi ƙasa. Dugadugan mutumin suna gaba, yatsunsa suna baya. Ya taka feda zai gudu. Mutumin ya miƙo hannu daga inda yake zaune, ya fizge keken, ya maka shi da kututture har ƙarfen ya naɗe. Haladu ya faɗi a kan fuskarsa, haƙori biyu suka zube.

"Duba wannan. Ya ƙi tashi."

Haladu ya gane injin nan take, na Mudi ne. Wayar jan ƙarfe da ke ɗaure a mariƙinsa shi ya ɗaura ta.

Mutumin ya ce, "'Ya'yana uku ne a cikin bishiyar nan. Sarƙar injin ta raba babbansu gida biyu. Ya yi kururuwa, sai injin ya yi shiru. Mu ma muna da shari'a, ba mu kisa sai da shaida. Idan ƙanenka ne ya kashe injin don ya ji kukan, kuskure ne, na yafe. Idan injin ne ya mutu da kansa, to da ya ci gaba, kuma yau zan raba shi biyu. Karanta mini. In ka yi ƙarya, da kai zan fara."

Ya damƙe wuyan hannun Haladu na hagu, ya matsa har ƙashi ya ce ƙas. Sannan ya sake shi.

Da hannu ɗaya Haladu ya yi aikin. Ya ja igiya, ta ƙi motsi. Ya kwance fulogi, ya tarar da bakinsa fari fat, ya ƙone. Ya duba makunni, yana nan a kunne. Ya cire salansa, ya leƙa ta ƙofar hayaƙi. Fistin, ƙarfen da ke kai da komo a cikin injin, ya kakkarce daga sama har ƙasa, ya narke ya manne da bango. Injin da aka kashe da hannu ba ya barin wannan alama. Wannan a tsakiyar gudu ya mutu.

"Me ka gani?"

Haladu ya ce ƙarya ta zo masa har kan harshe. Ya tuna Wanda ke ganinsa. Ya haɗiye ta tare da jinin bakinsa.

"Ba shi ya kashe ba. Da kansa ya mutu."

Mutumin ya miƙe, kansa ya shige cikin rassa.

"Dakata, bawan Allah! Ban gama karatu ba."

Ya buɗe tanki, ya tsoma yatsa, ya murza. Fetur ɗin ya bushe nan take, babu santsi.

"Irin wannan inji sai an gauraya masa fetur da baƙin mai. Wannan zalla ne, shi ya sa ya ƙone. Ni na zuba masa ran Laraba, aka kira salla, na manta man. Da ban manta ba, da sarƙar ta kai ga sauran biyun."

Mutumin ya sunkuyo, ya dube shi.

"Mantuwarka ta raya mini biyu. Roƙi abu ɗaya."

"Ran ƙanena."

"Na ba ka ransa. Ban ba ka hannun da ya riƙe ba."

Mutumin ya ɗauki injin, babu fulogi, babu salansa, ya ja igiya sau ɗaya. Ya tashi da ruri. Ya zabga shi a iska. Jini mai ɗumi ya fantsamo a fuskar Haladu.

A daidai wannan lokaci Mudi yana kwance a ɗakinsa, ƙofa a rufe. Matarsa ta ji ihu, ta banko. Hannun damansa yana ƙasa, an datse shi daga gwiwar hannu, garin katako a bakin raunin.

Mudi ya rayu shekara talatin bayan haka. Da hagu ya koyi cin abinci. Haladu kuwa suma ya yi a ranar, ya farfaɗo a kan hanya, fistin ɗin a cikin tafinsa. Na taɓa fistin ɗin da hannuna bayan shekaru, har lokacin da ɗuminsa.

Tsamiyar tana nan, rabinta a yanke. In hanya ta kai ku, ku yi sallama da murya a fili, kuma kada ɗayanku ya bi ta shi kaɗai, ko da rana tsaka. Ku tashi ku yi addu'a ku kwanta. Allah Ya tsare mu.