Kajin da Aka Kulle

Ba a gama cin abincin rana ba yara suka fara zubewa a ɗakin cin abinci na makarantar. Wasu amai, wasu yawu na dalala, gumi ya jiƙa musu riguna. Kafin Sufeton ’yan sanda ta isa asibiti yawancinsu sun samu sauƙi, sai wata ƙaramar yarinya da numfashinta ke fita da ƙyar.

Likita ya ɗaga fatar idon yarinyar. Ƙwayar idon ta tsuke kamar kan allura.

"Maganin ƙwari ne," in ji shi. "Amma iri-iri ne, kuma allurar da nake son ƙara mata ba kowane iri take karyawa ba. Ki samo mini kwalbar, Sufeto, tun da sauran numfashi."

Sufeto ta fara da kicin ɗin makarantar. Kuku na zaune a kan buhun shinkafa.

"Me suka ci?"

"Shinkafa da ɗanyen kabeji, ranki ya daɗe."

"Ke kin ci?"

"Shinkafar kawai. Kabeji kumbura mini ciki yake yi."

Sufeto ta bi farantan da ba a wanke ba, malamin aji na gaya mata mai kowanne. Duk yaron da ya ture kabejinsa gefe lafiyarsa ƙalau. A kicin ɗin kuwa ko maganin sauro babu. Ta cire kuku daga zargi.

"Wa ke kawo kabejin?"

"Mai lambu, uwar yarinyar nan da ke kwance. Ƙanin mijinta ne ke kawowa da safe." Kuku ta sunkuyar da kai. "Ni dai abin da na ce masa, in aka ƙara kawo mini ganye mai huda kamar rariya, zan nemi wani lambun."

Da Sufeto ta koma asibiti, mai lambu ta bar mijinta a bakin gadon ’yar, ta biyo ta zuwa lambun, idanunta jawur.

"Zo ki gani da idonki," in ji ta. "Ban taɓa fesa guba ba. Takin dabbobi nake zubawa, toka nake barbaɗawa, tsutsa kuwa da hannu muke tsincewa. Ragowar ƙwarin na kaji ne. Gari na wayewa Auta zai buɗe musu akurki su bi tsakanin kunyoyi."

Auta, ƙanin mijin nata, na tsaye a bakin rijiya. Bai jira a tambaye shi ba.

"Maƙwabcinmu ne, ranki ya daɗe. Kullum cikin feshi yake, iska ce ta kwaso mana."

Sufeto ta nufi shingen da ya raba lambunan biyu, ta tsuguna, ta juya ganye. Ga tsutsa kore tana cin abinta hankali kwance, tururuwa na kai da kawo. Ta taka zuwa kunyoyin tsakiya, inda aka yanki kabejin da safe. Can tsutsotsi sun zube ƙasa sun sandare, har da ƙudan zuma. Wani wari kamar na kananzir na tashi daga ganyen.

Daga ƙarshen lambun kaji na ta kuka, suna dukan ƙofar akurki. Mai lambu ta waiwaya.

"Kai Auta, malalacin miji, har rana ta juya ba ka sake su ba?"

"Mantawa na yi, Yaya."

Sufeto ta leƙa akurkin. An cika musu kwano da ruwa, an zuba musu tsaba, an kuma ɗaure ƙofar da sabuwar igiya a kan sakata. Ta dubi wayarta. Likita ya kira, ta san abin da zai tambaya. Ta dawo ta tsaya gaban Auta, ta yi magana a hankali, kamar mai koya wa yaro karatu.

"In iska ce ta kwaso, kunyar da ke jikin shinge za ta fara samu. Can ƙwari na raye, a tsakiya suka mutu. Ka ga da hannu aka fesa, daga cikin lambun nan. Sai kaji. Wanda ya manta da kaji ba ya zuba musu abincin yini, ba ya ƙara igiya. Ka kulle su ne don ka san abin da ke ƙasan kunyoyin nan zai kashe su."

Auta ya kau da kai.

"Ba don in kama ka nake sauri ba," in ji Sufeto. "’Yar yayanka ce ke jiran sunan da ke jikin kwalbar nan."

Ya durƙushe. "Tsoro na ji kada makaranta ta daina karɓar kayanmu. Jiya da yamma na fesa, na haɗa shi da kauri don ya yi saurin aiki. Mai shagon ya ce a jira kwanaki kafin a yanka. Na ɗauka in an wanke shi ke nan."

Ya kai su bayan tarin taki, ya tono kwalbar. Nan take Sufeto ta kira likita, ta karanta masa rubutun harafi bayan harafi. Suka tsaya a rana har wayar ta sake ƙara.

"An yi mata allurar," in ji Sufeto. "Numfashinta ya fara daidaita. Ta buɗe ido, tana neman uwarta."

Mai lambu ta zauna a ƙasa ta rufe fuska. Da ta ɗago, Sufeto ta riga ta riƙe hannun Auta.

"Yaya, wallahi ban yi nufin..."

"Na sani," in ji mai lambu. Ta dubi akurkin, ta dube shi. "Amma ka tuna da kaji, Auta. Yaran fa?"