Alkawarin da Najmuddeen Ya Ƙi Ɗauka

A bakin kogi a Katagum Juwairiyya ta fara ganinsa, cikin daminar 2006. Wasu samarin Azare ne ke shirya fim ɗinsu na farko, labarin wata yarinya da yayanta ya nutse a ruwa, ita ce kuma yarinyar. Malamar firamare ce, ba ta taɓa tsayawa gaban kyamara ba. Da aka zo wurin kuka, hawaye suka ƙi zuwa, har darakta Hussaini, ɗan kawunta, ya fara tsaki.

Sai wani dogon saurayi da ke zaune a gindin giginya ya buɗe wani baƙin akwati, ya ciro abin busa na tagulla, ya kai baki. Sautin ya fito a hankali, mai kauri, kamar dattijo yana rarrashi. Mahaifiyarta da ta rasu bara ta faɗo mata a rai. Har aka kashe kyamara kukanta bai tsaya ba.

Ya matso, ya tsuguna nesa kaɗan da ita. "Ki yafe ni. Ban san zan taɓa inda ke miki ciwo ba."

Ta share fuska da gefen mayafi. "Mene ne wannan abin?"

"Saksafon. Kiɗan kuma jaz ake ce masa. A wurin kawuna na koya a Jos, da ya rasu ya bar min."

Sunansa Najmuddeen, yana da shagon gyaran rediyo a kasuwar Azare. Kafin a gama fim sun shaƙu. Tana tashi daga makaranta za ta tarar da saƙonsa:

"Juwai tawa, yau na haɗa wani sauti, kuma duk inda na juya shi ke yake kira. Allah ya huce gajiya."

Ita kuma ta mayar: "Najmina, ka adana min shi, kada wani ya riga ni ji."

Fim ɗin bai yi kasuwa ba. 'Yan kasuwar Kano suka ce babu rawa babu waƙa, wa zai saya? 'Yan faya-fayan da aka buga a garuruwan Azare da Yana suka tsaya. Najmuddeen bai karaya ba, ya tura magabatansa gidan Alhaji Kashim, mahaifinta.

Alhaji mutumin Borno ne, ɗan kasuwar yadi, mai tsare mutuncin gidansa. Fim ɗin ma don Hussaini ya bari ta yi. Ya ce da ita, "Ba zan miki dole ba, Juwairiyya. Amma ga Abdulsamad, ma'aikacin sakatariya, yana ta sintiri. Me zan ce wa dangi in suka ji na ba makaɗi 'yata?"

"Baba, ba maroƙi ba ne. Bai taɓa yi wa kowa kirari ba."

Alhaji ya sa aka kira masa Najmuddeen bayan la'asar. Juwairiyya ta laɓe bayan ƙofar zaure.

"Sharaɗina ɗaya ne," in ji Alhaji. "Ka rantse ka bar busar nan har abada, in ba ka ita."

Sai ta ji muryar Najmuddeen ƙasa-ƙasa. "Alhaji, ba zan iya rantsewa ba."

Ba ta tsaya jin sauran ba. Ta shige ɗaki ta kashe waya. Ashe ƙarfen tagulla ya fi ta daraja a wurinsa. Ta rame, ta daina fara'a ko a gaban ɗalibanta. Da Abdulsamad ya zo zance ta fita ta zauna, yana ta lissafa mata alkawura, ita kuwa ko ɗaya bai shiga kunnenta ba.

Ranar da ta kunna wayar, saƙo ɗaya ta tarar:

"Hasken idona, da na rantse da yanzu an sa mana rana. Amma da ƙarya zan shigo da ke gidana, kuma kin fi ƙarfin haka a wurina. In kin zaɓi wani ba zan riƙe ki ba. Addu'ata tana tare da ke."

Tana cikin kuka gwaggonta Ya Gana, yayar Alhaji, ta shigo.

"Ke yarinya, rabin magana kika ji kika gudu. Ubanki ya faɗa min sauran. Yaron cewa ya yi ba zai busa a inda ake shan giya ba, ba zai yi roƙo ba, ba zai bar salla ta wuce shi ba. Waɗannan alkawuran zai iya, ya ɗauka. Wanda ya san zai karya ne ya ƙi ɗauka."

"To me Baba ya ce, Gwaggo?"

"Sallamarsa ya yi. Amma tun ranar yake bin mutanen kasuwa yana tambayar halinsa."

Sai da kaka ta wuce Alhaji ya kira ta. Ya daɗe yana jan carbi kafin ya ɗago.

"Har yanzu ba na son busar nan, kuma ba na jin zan so ta. Amma yaron ya ga abin da yake so a hannuna, ya ƙi yi min ƙarya don ya samu. Wanda bai yaudare ni ba, ina sa ran ba zai yaudare ki ba. Kina sonsa har yanzu?"

Ta sunkuyar da kai. "Ina sonsa, Baba."

Ta ɗauki waya ta rubuta masa: "Najmina, ni ce da neman gafara. Ka turo magabatanka."

Aka ɗaura aure wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Da za a kai amarya, ta durƙusa gaban mahaifinta. Ya ɗora hannu a kanta.

"Mahaifiyarki ba ta ga wannan rana ba, ni na gani a madadinta. Na ba shi amanarki, ke ma ki riƙe tasa. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuri'a mai albarka."

Ya Gana ta kama hannunta ta miƙar da ita, mata suka amsa da amin.