Kwalaben Ruwan Dokta

Ƙarfe bakwai da rabi na safe aka kira Sufeto, aka ce an tsinci gawa a ɗakin gwaje-gwajen wata gidauniya.

Matar da kowa ke kira Dokta ce kwance tsakanin tebur da firji, ƙeyarta a fashe. An tsiyaye kwalaben ruwan gwaji sun fi hamsin, an watsar. Ga wata baƙar kwalba a tarwatse, warinta na yankar hanci. Ba a ɓalle ƙofa ba.

"Kar ka taɓa, yallaɓai!" in ji abokiyar aikin marigayiyar. "Asid ne. In ya taɓa fata sai ta koma rawaya, ta fi mako ba ta goge ba."

Sufeto ya juya ga maigadi. "Wa ya shigo jiya bayan an tashi aiki?"

"Babu kowa, ranka ya daɗe."

"To me ya sa kake jin tsoro?"

Maigadi ya waiga bakin titi, ya rage murya. "Ina da iyali, yallaɓai. Ka bar ni."

Sufeto ya gane wanda ya tsorata mutumin nan ba ƙaramin mutum ba ne.

Ya wuce gidan mai gidauniyar, wata dattijuwar attajira da ake ce wa Iya. Ita ta gina ɗakin gwajin, ita ke biyan masu binciken.

"Yara ke ta ciwon ciki da farfaɗiya a unguwannin gabas," in ji ta. "Na ce Dokta ta auna rijiyoyin. Gobe za mu kai rahoto majalisa a yi doka."

"Yaushe kuka yi magana?"

"Jiya da azahar. Ta aiko min da rahoton a ambulan, ta bugo waya ta ce, ‘Iya, ki yi haƙuri, abin ya taɓa gidanki.’ Wallahi na kasa buɗewa."

"Wa kika gaya wa?"

"Autana. Shi ke riƙe da masana'antar batir ɗinmu."

Aka kira autan. Ya shigo falon cikin kwat, hannun damansa a aljihu.

"Rabona da ɗakin gwajin nan tun ranar da aka buɗe shi," ya ce. "Ka san da wa kake magana? Waya ɗaya zan buga ka rasa kakinka."

Sufeto ya san ba ƙarya yake ba. Duk da haka ya miƙa masa hannu. "Mu gaisa tukuna, ranka ya daɗe."

Autan bai motsa ba.

"Fito da hannunka," in ji Iya. "Ni na ce."

Ya fito da shi a hankali. Yatsu uku sun yi rawaya kamar an rina.

Ya zube a kujera. "Iya, roƙonta na je yi. Na ce ta ba ni shekara ɗaya in gyara magudanar dattin masana'antar. Ta ce yaran ba su da shekara ɗaya. Ture ta kawai na yi, na rantse! Rufe masana'antar za a yi."

"Da an rufe," in ji Iya, ba ta dube shi ba.

Kofur ɗin da ke tare da Sufeto ya saka masa ankwa, aka fita da shi yana ta kiran Iya.

Iya ta yage ambulan ɗin, ta miƙa wa Sufeto rahoton. "Karanta min. Gobe da kaina zan kai."

Ya fara karanta jerin layukan da gubar dalma ta shiga rijiyoyinsu. Na bakwai layin gidansa ne. Ya lalubo waya, ya kira matarsa.

"Maman yara, kar kowa ya ƙara shan ruwan rijiyar nan. Kin ji ni?"

"Lafiya? Yanzun nan na dama wa ƙaramar kunu da shi."

"Karɓe kofin," ya ce, yana gudu zuwa mota. "Ki goya ta, mu haɗu a asibiti."